Shiga Rumbun Bayanai da Shaidar Babbar Manhaja

Gabatarwa

A bakin kowace amya akwai ƙudan zuma masu gadi. Su ne ke sansanar duk mai shigowa, su shaida ɗan gida ta warin jikinsa. Irin wannan tsari ake bi wajen tsare rumbun bayanai, wato manhajar da ke adana bayanai a jere cikin kwamfuta, kamar sakamakon jarrabawar ɗalibai ko na gwaje-gwajen kimiyya.

Ƙofofi biyu

Mai amfani da kwamfuta yakan wuce ƙofofi biyu. Ta farko ita ce babbar manhajar da ke sarrafa na'urar, irin su Linux ko Windows, inda yake ba da sunansa da kalmar sirri. Ta biyu kuwa ta rumbun ce, wadda ita ma kan nemi tata kalmar. Yawan kalmomin sirri kan sa mutane su rubuta su a takarda ko a cikin fayil, inda kowa zai iya gani. Domin haka aka samar da hanyar da rumbun zai dogara da shaidar mai gadin ƙofar farko.

Misali daga PostgreSQL

Wannan rumbu ya samo asali a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka a 1986, ƙarƙashin Michael Stonebraker, aka kuma raɗa masa sunansa na yanzu a 1996. Daga fitowa ta 9.1 a 2011 ake kiran wannan hanya da sunan peer. Idan mutum ya nemi shiga daga cikin na'urar da rumbun yake, sai rumbun ya tambayi babbar manhaja sunan asusun da buƙatar ta fito daga gare shi. In sunan ya yi daidai da wanda ake neman shiga da shi, sai a buɗe. In ya saɓa, a hana.

Matakan shiryawa

Na farko, a buɗe wa mutum asusu a Linux, misali malami1.

Na biyu, a buɗe masa asusu mai suna iri ɗaya a cikin rumbun da umarnin createuser malami1.

Na uku, a buɗe fayil ɗin pg_hba.conf a rubuta wannan layi:

local all all peer

Kalmar farko na nufin haɗi daga cikin na'urar, ta biyu dukkan rumbuna, ta uku dukkan masu asusu, ta huɗu kuma hanyar tantancewa. Rumbun yana karanta layukan daga sama zuwa ƙasa, ya yi aiki da na farkon da ya dace, don haka jerinsu na da muhimmanci.

Na huɗu, a umarci rumbun ya sake karanta fayil ɗin da pg_ctl reload. Idan sunayen biyu sun bambanta, ana danganta su a fayil ɗin pg_ident.conf.

Iyakoki da hatsari

Wannan hanya ba ta aiki daga wata kwamfuta ta daban. A nan sai a koma ga kalmar sirri, ko ga tsarin Kerberos wanda aka ƙirƙiro a cibiyar MIT cikin shekarun 1980. Rumbun SQL Server na kamfanin Microsoft shi ma yana karɓar shaidar asusun Windows.

Babban abin lura shi ne, tsaron rumbun ya rataya kacokan a kan tsaron asusun farko. Idan malamai da ɗalibai suna shiga kwamfutar makaranta da asusu ɗaya, rumbun zai ɗauke su mutum guda, kuma ɗalibi zai iya sauya makinsa ba tare da an gane wanda ya yi ba. Haka nan mai riƙe da babban asusun root na iya shiga da sunan kowa. Saboda haka wajibi ne kowa ya sami asusunsa, ya kuma kulle allon in zai tashi.

Tambayoyi

1. Me rumbun ke tambayar babbar manhaja?
2. Me ya sa jerin layukan pg_hba.conf ke da muhimmanci?
3. Wace illa ke tattare da yin tarayya a asusu ɗaya?