Yadda Ake Ɗinka Jakar Fata a Gida

Duk wanda ya zauna a Dangoma, ko a wani gari na ƙasar Kalgo cikin masarautar Gwandu, ya san cewa da wuya a sami gidan da ba a kiwon akuya ko tunkiya, kuma ya san idan an yi suna ko Babbar Salla, fatun da aka feɗe ko dai a sayar wa 'yan fata da araha, ko kuwa a bar su a rana har su lalace, alhali fatar jar akuya ta ƙasashen Sakkwato da Maraɗi tana cikin mafi daraja a duniya. A zamanin da, fatake suna ƙetare Sahara da ita jemammiya zuwa garuruwan Larabawa, daga can ta isa Turai, inda aka riƙa jingina ta ga ƙasar Maroko ana yin bangon littattafai masu tsada da ita. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma sauka Gwandu a 1853, ya ambaci cinikin kayan fata na Kano cikin littafin tafiyarsa.

A yanzu akan sami wasu ƙunshin kaya da ake sayarwa a manyan birane, waɗanda a cikinsu an riga an yanka fatar jaka, an huda ramukan ɗinki, an haɗo da zare da allura da maɓalli, ba abin da ya rage wa mai saye sai ya ɗinka. Ba laifi ga mai koyo ya fara da irin wannan, domin hannunsa zai saba. Amma a ganinmu fa'idarsa taƙaitacciya ce, saboda wanda bai koyi awo da yanka ba, kullum yana buƙatar wani ya yanka masa. Saboda haka za mu bayyana aikin tun daga farkonsa.

Abubuwan da ake buƙata ba su da yawa: jemammiyar fatar akuya guda, da wuƙa mai kaifi, da basilla ta huda, da allura biyu masu kauri, da zare mai ƙarfi, da ɗan kakin zuma, da gam, da katako mai santsi wanda za a ɗora fatar a kai.

Wajen zaɓen fata ne ya kamata mutum ya yi nazari ƙwarai. A ɗaga ta a saitin rana, domin duk inda wuƙar mai fiɗa ta zame za a ga wurin ya yi haske, kuma nan ne za ta fara yagewa. A naɗe gefenta a murza: idan an ji ta da laushi, fuskarta ba ta tsage ba, to majemi ya ba ta haƙƙinta na bagaruwa da mai, idan kuwa ta yi ƙarar bushewa ko tana wari, a bar wa mai ita. Jan launin da aka saba gani daga karan dafi yake, baƙin kuwa daga kuloko. Sa'an nan yana da kyau a tambaya ko ta yankakkiyar dabba ce, gama a mazhabarmu ta Malikiyya fatar mushe, ko da an jeme ta, an yarda a amfana da ita, amma ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita.

Kada a sa wuƙa ga fata sai an fara yanka siffar jakar a jikin takarda mai kauri. A auna tsawo inci 22, faɗi inci 10. Daga cikin tsawon nan inci 8 gaba ne, inci 8 baya, ragowar inci 6 shi ne marfi. A naɗe takardar a duba, in ta yi daidai da muradi, sai a shimfiɗa ta a bayan fatar, a zana da fensir, a yanka bisa katako da jan wuƙa guda, ba tare da tsattsayawa ba. A ɗauki jikin jakar daga tsakiyar fata, wajen gadon baya, domin fatar ciki sirara ce, tana kuma miƙewa idan ta ɗauki nauyi.

Bayan an naɗe gaba a kan baya, sai a shafa gam kaɗan a gefuna biyu, a danne har su kama. Daga nan a ja layi kusa da baki, a bi shi da basilla ana hudawa, tsakanin rami da rami kamar faɗin ƙwayar dawa. Wannan huda ita ce mizanin aikin duka, domin ɗinki ba ya miƙewa a kan karkatattun ramuka, kuma ita ce abin da baduku ke fara dubawa in an miƙa masa jaka.

Zaren kuwa a yanko wanda ya ninka tsawon wurin ɗinkin sau 4, a goge shi da kakin zuma don kada ya warware ko ya sha ruwa, a sa allura a kowane ƙarshensa. A zura allura ɗaya cikin ramin farko, a ja har zaren ya rabu daidai hagu da dama. Sa'an nan a rami na biyu a shigar da allurar dama ta fita hagu, a shigar da ta hagu cikin wannan ramin dai ta fita dama, a ja su tare, haka har ƙarshe. Hikimar wannan ɗinki ita ce, ko da zare ɗaya ya tsinke, ɗayan yana riƙe da fatar, saɓanin ɗinkin keke wanda yakan zare gaba ɗaya. Idan an kai ƙarshe a koma baya rami 3, kana a yanke. Kada a ja da ƙarfin tsiya, fatar akuya takan tattare.

Maratayi shi ne inda yawancin jakunkuna ke fara mutuwa. A yanko tsiri biyu masu faɗin inci 1 daga gadon baya, a manna su baya da baya, a ɗinke, sa'an nan a kafa shi a bayan jakar da ɗinki mai kusurwa huɗu. Maɓalli kuwa ko na kasuwa, ko a naɗe ɗan guntun fata a yi masa hanci da igiyar fata, kamar yadda ake yi wa gafaka. Daga ƙarshe a ɗan jiƙa bakunan da ruwa a goge su da itace mai santsi, a shafa wa jikin man kaɗe kaɗan. In ruwan sama ya taɓa ta, a shanya a inuwa, ban da rana da bakin murhu.

Wanda ya ɗinka ta farko, ya kai wa wani baduku na kusa ya duba masa, ya tambaye shi inda ya kuskure. Masu son zurfafawa kuwa, akwai dukawan Madunka a birnin Sakkwato, akwai kuma makarantar koyar da aikin fata a Samaru ta Zariya.