Yadda Ake Mai da Rubutu Kowane Nau'in Bayani a C++

Da yawa daga abin da ke shigo wa manhaja daga waje, a rubutu yake zuwa. Shekarun da mutum ya buga a fom, farashin da ke cikin fayil ɗin CSV, saitin da manhaja ke karantawa lokacin da ta tashi, duk jerin haruffa ne. "250" haruffa uku ne kawai, ba a tara shi da komai sai an mai da shi lamba. To idan kana da saiti arba'in, wasu `int`, wasu `double`, wasu `bool`, rubuta wa kowanne nasa fankshin wahala ce ta banza. Abin da ake so shi ne fankshin guda, ka faɗa masa nau'in da kake nema, ya ba ka.

A C++ da `template` ake farawa, inda harafin `T` ke tsayawa a madadin nau'in da ba a riga an zaɓa ba:

```
template<typename T>
std::optional<T> karanta(const std::string& s) {
    std::istringstream m(s);
    T sakamako;
    if (!(m >> sakamako)) return std::nullopt;
    m >> std::ws;
    if (!m.eof()) return std::nullopt;
    return sakamako;
}
```

Da ka rubuta `karanta<int>("250")`, kwamfaila za ta ƙera maka fankshin na `int`, ka rubuta `karanta<double>("3.5")`, ta ƙera wani. Sirrin yana cikin alamar `>>`, wadda nau'o'i irin su `int` da `double` kowanne ke da tasa. Ko nau'in da kai ka ƙirƙiro, kamar kwanan wata, da ka rubuta masa `>>` ya shiga sahu.

Layukan da na fi damuwa da su su ne biyun da ke duba `eof`, kuma su mutane suka fi tsallakewa. Ka ba `>>` rubutun "12abc", zai karanta 12, ya tsaya a kan "a", ya ce komai lafiya. Dubawar tana tabbatar da cewa an cinye rubutun har ƙarshe, bayan an share sararin da ya rage. Shi kuwa `std::optional`, wanda ya shigo da C++17, yana raba "ban iya ba" da amsa ta gaskiya. Tsohon `atoi` na harshen C ba ya wannan: ka ba shi "0" ya ce 0, ka ba shi "kifi" ya ce 0. Manhajar da ke lissafin kuɗin mutane bai kamata ta rasa gane waɗannan biyun ba.

Daga nan sai a bi nau'o'in da ke da nasu halin. `std::string` yana tsayawa a sarari na farko, don haka "Birnin Kudu" ba zai wuce ba. A ware shi da `if constexpr` a mayar da rubutun yadda ya zo. `bool` 0 da 1 kaɗai ya sani, sai an sa `std::boolalpha` kafin ya gane "true". Mafi haɗari shi ne `uint8_t`, domin a ƙarƙashi harafi ne. Ka ba shi "7", zai karɓa ba gardama, amma abin da ya ajiye 55 ne, lambar harafin 7 a ASCII. Maganinsa a karanta a `int`, a duba ko yana tsakanin 0 da 255, sannan a mai da shi `uint8_t`. Haka "-1" idan aka nemi `unsigned` a kwamfailar GCC: yakan juye ya koma 4294967295, saboda haka a ƙi alamar ragi tun kafin karatu.

Akwai kuma batun waƙafi. A Najeriya uku da rabi 3.5 ne, a Nijar da ke bin tsarin Faransanci 3,5. Idan manhaja ta ɗauki saitin yankin kwamfutar da take kai, fayil guda zai karantu a Kano ya ƙi karantuwa a Maraɗi. Ga bayanan da ke yawo tsakanin na'urori, a ɗaure `istringstream` ɗin da `m.imbue(std::locale::classic())`.

Idan layukan sun kai miliyoyi, `istringstream` yana da nauyi. Ga lambobi sai a koma `std::from_chars`, shi ma na C++17, wanda ba ruwansa da saitin yanki kuma yana nuna daidai inda ya tsaya, sai dai ba ya tsallake sarari kuma ba ya karɓar alamar +. Wanda ke amfani da laburaren Boost yana da `lexical_cast` na Kevlin Henney, mai jefa `bad_lexical_cast` idan rubutun bai yi ba. A Rust aikin yana cikin harshen tun asali: `parse` da `FromStr`, amsa kuma `Result` ce.

Kafin ka kira `karanta`, ka tambayi kanka ko abin lamba ne da gaske. Lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce, tana farawa da sifili. Ka mai da ita lamba, sifilin ya ɓace, sauran kuma ya zarce 2147483647, iyakar `int` mai bit 32. Ita da lambar asusun banki, a rubutu ake barinsu.