Yadda Ake Gano Tarin Fuka a Jikin Yaro

Idan aka kawo yaro daga Maska asibiti a Funtuwa ana zargin tarin fuka, da tambaya ake farawa: tarin ya wuce mako 2? Yana ramewa? Zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya? Akwai babba mai tari a gidan? Wannan ta ƙarshe ta fi nauyi, domin galibi a wurin manyan gida yaro ke ɗauka. Daga nan sai a auna nauyinsa, a lalubi wuyansa ko akwai kaluluwa.

Sai gwajin fata, wato Mantu. Ana tsira ruwan tubakulin mililita 0.1 a fatar hannu, a dawo bayan awa 48 zuwa 72 a auna taurin kumburin, ba jan wurin ba. Milimita 10 alama ce ƙwayar ta shiga jiki. Ga yaro mai tamowa ko ƙanjamau, milimita 5 ta isa. To amma allurar BCG da ake yi wa jarirai tana iya tayar da kumburi alhali ba cuta, tamowa da ƙyanda kuwa suna danne garkuwar jiki har fata ta yi lafau alhali cutar tana ci. Wani zai ce a koma gwajin jini irin QuantiFERON, tunda BCG ba ta ruɗa shi. Haka ne, sai dai yana da tsada, yana buƙatar ɗakin gwaji mai kayan aiki, kuma ƙarfinsa yana raguwa a kan ƙananan yara da masu tamowa, waɗanda su ne cutar ta fi kashewa. Gwaje-gwajen biyu duk ba sa bambanta ƙwayar da ke kwance da wadda ta tashi. Don haka sallamar yaro mai ramewa saboda gwaji bai nuna komai ba ganganci ne.

Abin da ke biye shi ne hoton ƙirji da neman ƙwayar kanta da na'urar GeneXpert. Ƙaramin yaro haɗiye kakinsa yake yi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a gwada bayan gidansa. Ko wannan bai nuna ba, idan alamu da tarihin gida sun haɗu, likita yana fara magani, kyauta ne a cibiyoyin maganin tarin fuka na DOTS, galibi na wata 6, sannan a binciki sauran yaran gidan.