Darasin Eriya Daga Wani Lungu a Guangzhou

A shekarar 2016 na yi wata huɗu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ina saro kayan waya ina turowa Kano. Na kama ɗaki a Dengfeng, kusa da Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka da yawa suke sauka. Benayen unguwar a matse suke ƙwarai, har Sinawa suna yi musu laƙabi da gidajen musabaha, wai na wannan taga zai iya miƙa hannu ya gaisa da na waccan. Ɗakina yana hawa na biyu, tagarsa da ragar ƙarfe, rana ba ta leƙo shi. Sabis ma haka.

A lokacin mahaifiyata tana kwance ba lafiya. Agogon Sin yana gaban na Najeriya da awa 7, don haka idan ƙanena ya kira ni da ƙarfe biyu na rana a Kano, ni tara na dare ta yi mini, ina cikin ɗaki. Sau uku ya kira a kan maganar magani, aka ce masa wayata ba ta kan layi.

Washegari na shiga wata kasuwar kayan waya na sayi abin da ake kira busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sabis. Tana da eriya biyu, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki. Na ɗaure ta wajen a ragar taga, ta cikin na rataye ta a bango, tsakaninsu bai kai taku uku ba. Sandunan sabis suka cika fal, amma da na kira gida sai maganar ta riƙa tsinkewa. Bayan kwana biyu mai gidan ya zo da waya a hannu yana fassara mini: maƙwabta suna ƙorafi, kuma dokar ƙasarsu ta hana mutum ya kafa irin wannan na'ura ba da izini ba. Na cire ta, kuɗina sun tafi.

Daga baya na gane abin da ya faru. Duk wanda ya taɓa kusanta makirufo da lasifika ya san ƙarar nan mai huda kunne. Haka busta take yi idan eriyoyinta biyu suna kusa da juna: abin da ta cikin ta fitar, ta wajen ta sake ɗauka, a sake ƙara masa ƙarfi, ya yi ta zagayawa. Kunne ba ya jin wannan ihun, amma ƙarfen sabis na unguwa yana jinsa, kuma yana hana shi jin wayoyin sauran mutane. Iyaye su lura, a Najeriya ma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gargaɗi a kan sayarwa da kafa busta ba tare da izininta ba.

To, mene ne sabis ɗin kansa? Igiyar rediyo ce da ke tafiya tsakanin wayarka da ƙarfen sabis, da gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Iyayenmu da suka saba kama tashoshi a gajeren zango sun san ana cewa mita 25 ko mita 31. Wannan mitar ita ce tsawon zangon igiyar, kuma ana samunta ne idan aka raba gudun haske da yawan kaɗawar igiyar a daƙiƙa. Ɗaya daga cikin zangunan da wayoyinmu suke amfani da su shi ne megahaz 900, wato kaɗawa miliyan 900 a daƙiƙa. Mita miliyan 300 a raba da miliyan 900, an sami sulusin mita, kusan santimita 33.

Wannan lissafi shi ke yanke girman eriya. Eriya tana kama igiya da kyau idan tsawonta ya yi rabin zangon ko rubu'insa. A megahaz 900 rubu'in bai fi santimita 8 da 'yan kai ba. Shi ya sa yaron da ya naɗa doguwar wayar wuta a jikin wayar salula ya jefa ta kan rufi bai ƙara komai ba. Tsawo kaɗai ba ya kawo sabis. Kuma eriya ba ta ƙirƙirar igiya, tana tattara wadda ta iso wurin ne, kamar yadda mazurari yake tara ruwan sama. Inda ba a yi ruwa ba, komai faɗin mazurari tulu ba zai cika ba.

Wani ɗan Nijar mai gyaran waya da muke cin abinci tare ya ce mini, "Alhaji, ka daina kallon sanduna, ka duba lamba." A yawancin wayoyin Android, idan ka shiga saiti, ka nemi bayanin waya, sannan matsayin layi, za ka ga ƙarfin sabis da lamba mai alamar ɗebewa, a gefenta an rubuta dBm. Ƙaramar lamba ta fi kyau: -75 sabis ne mai ƙarfi, -110 kuwa yana gab da ɗaukewa. Kowane bambancin 10 yana nufin ninki goma. A kan gadona na ga -113. Na riƙa zagayawa a hankali da wayar, ina tsayawa kamar rabin minti a kowane wuri, har na zo wata 'yar taga a kan matakala, wadda take kallon bakin lungun da ya fita babban titi. A nan na ga -93. Taku goma sha biyu ne daga gadona, amma ƙarfin ya ninka sau ɗari. Siminti mai rodi da ragar taga su ne suke tare igiyar.

Wayoyin yanzu ba su da wurin jona eriya ta waje, amma wasu ƙananan na'urorin intanet masu cin layi, irin su MiFi da rawuta, suna da shi. Na sayi ɗaya da eriya irin ta Yagi, na roƙi mai gidan ya bar ni in ɗaure ta a tagar matakalar, bakinta yana kallon titi. Kun san irinta, ita ce mai kama da ƙayar kifi da ake kafa wa talabijin a kan rufi. Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi ne suka fito da ita a Jami'ar Tohoku ta Japan a 1926. Sandar baya ta fi tsawo, tana mayar da igiya gaba, na gaba kuma gajeru ne, suna tattaro ta daga fuska ɗaya. Don haka dole a saita ta inda sabis yake fitowa. Kebul ɗinta ban bari ya wuce mita 3 ba, domin doguwar kebul, musamman siririya mai araha, tana cinye ribar da eriyar ta samo. Wannan haɗin ba ya watsa ihu ga kowa, aikin waya ɗaya yake yi. A daren na kira gida ta intanet, na yi magana da Hajiya kusan minti ashirin ba tsinkewa.

Saura dabarar da ake yi a ƙauyukanmu, ta sa waya a gaban kwanon ƙarfe ko murfin tukunya. Ba camfi ba ne. Ƙarfe yana mayar da igiyar rediyo kamar yadda madubi yake mayar da haske, kuma kwano mai zurfi yana tara abin da ya mayar a wuri ɗaya, kamar dish ɗin tauraron ɗan'adam. Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayanin yadda haske yake dawowa daga madubi a littafinsa Kitab al-Manazir, kuma ƙa'idar ɗaya ce. Sai dai ribar kwano kaɗan ce, kuma tana samuwa ne idan bakinsa yana kallon ƙarfen sabis, wayar tana gabansa. Idan aka juya masa baya, kwanon ne zai zama katanga.

Ɗalibai, ga aikin gida. Ku lissafa tsawon zango na megahaz 1800 da na 2600, ku fitar da rubu'in kowanne. Sannan ku nemi izinin Baba ko Umma ku ari waya, ku auna lambar dBm a ɗaki, a bakin taga da tsakar gida, ku rubuta. Ku sake aunawa da kwano a bayan wayar, kuna juya shi gabas, yamma, kudu da arewa. Kada kowa ya hau rufi ko bishiya, kada a ɗaga sandar ƙarfe kusa da wayar lantarki, kuma idan hadari ya taso a bar gwajin sai wata rana.