Darasin Turanci: Kalmar "Charge"

'Yan'uwa fataken shanu, yau za mu duba kalmar "charge", wadda muke kira caji. Mu da muka saba da Faransanci, "charger" lodi ne. Amma da mun shiga Maigatari ko Mubi, sai hattara. In ma'aikaci ya ce "charge", kuɗin aiki yake nufi. Mu nemi rasit. "Free of charge" kyauta ne, kada mu ba da ko sisi. "Officer in charge" shi ne shugaban wurin, gare shi ake kai kuka. In kuwa ɗan sanda ya rubuta "charged", tuhuma ce, maganar kotu ke nan. To, kada mu dangwala yatsa a takarda sai an fassara mana. Allah ya kiyaye hanya.