Darasi Na 14: Majalisa da Gyaran Ƙauyenmu

Kowane ƙauye yana da abubuwan da ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai rijiya, da hanya, da kasuwa, da maƙabarta, da makarantar yara. Kowa yana amfani da su. Amma in sun lalace, wa zai gyara? Abin da za mu duba ke nan a wannan darasi.

Majalisa

A zamanin da, En'e ce ke riƙe da wannan aiki. Sarki yana bisa, sa'an nan hakimi, da dagaci, da mai unguwa. Bayan dokar En'e ta 1954 aka yawaita majalisun gunduma da na ƙauye a Jihar Arewa, domin talakawa su sa baki cikin sha'anin garinsu. A 1976 aka sake tsari, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a Nijeriya duka. Yanzu akwai 774. Jihar Kano tana da 44, Jihar Katsina tana da 34.

Kowace ƙaramar hukuma tana da shugaba, watau ciyaman. An kuma raba ta mazaɓa-mazaɓa, kowace mazaɓa da kansilanta. Kansila shi ne bakinmu a majalisa. Dagaci da mai unguwa kuwa suna nan, su ne iyayen ƙasa, da su ake shawara.

Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. Ga waɗansu daga ciki: gina ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, kula da kasuwa da tasha da mahauta, kwashe shara, kula da maƙabarta, da rubuta haihuwa da mutuwa da aure. Tana kuma sa hannu cikin sha'anin makarantun firamare da ɗakunan shan magani.

Kuɗin Majalisa

Da, haraji da jangali su ne gishirin baitulmali. A 1979 aka soke su a jihohin Kano da Kaduna. Yau yawancin kuɗin majalisa daga asusun tarayya yake zuwa wata-wata. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye. Saura kuma daga aljihunmu yake fita: kuɗin rumfa, kuɗin tasha, kuɗin lasin.

Mu lura da wannan. Kuɗin nan na jama'a ne. In majalisa ta gyara mana rijiya, ba kyauta ta yi mana ba, haƙƙinmu ne. In mun biya kuɗin rumfa, lalle mu karɓi rasit, mu karanta adadin da aka rubuta. In mun ba da naira 200 aka rubuta 100, to, sauran ba ta shiga baitulmali ba.

Rijiya

Babu aikin da ya fi na ruwa. Dattawanmu sun san kurkunu. Mutum ya sha ruwan tafki, bayan kamar shekara guda tsutsa ta fito masa a ƙafa. Sau da yawa kuwa da damina take kwantar da shi, lokacin da gona ke nemansa. A 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Aka haƙa rijiyoyi, aka koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle, aka hana mai ciwon shiga tafki. A 2008 aka ga mutum na ƙarshe. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa kurkunu ya ƙare a ƙasar nan. Hukuma ta yi nata, mutanen ƙauye sun yi nasu, shi ya sa aka ci nasara.

Amma amai da gudawa bai ƙare ba. Yana dawowa da damina, in ruwa ya kwaso ƙazanta ya zuba cikin rijiya. Yana iya kashe yaro cikin yini ɗaya. Saboda haka rijiyar gari tana bukatar abu biyar:

1. Ginin baki mai tsawo, don kada ruwan ƙasa ya koma ciki, kada kuma yaro ya faɗa.
2. Daɓen siminti kewaye da ita, da 'yar magudana mai janye ruwa nesa.
3. Murfi.
4. Guga ɗaya na kowa da kowa, a rataye shi, kada a ajiye shi a ƙasa.
5. Kwami can gefe, inda dabbobi za su sha.

Masai kuwa a haƙa shi nesa da rijiya, aƙalla mita 30, watau kamar taki 40, kuma ta gangare, ba ta tudu ba.

Siminti da magini, wannan na majalisa ne mu nema. Yasar rijiya da bazara, da share bakinta, da sayen igiya, wannan namu ne. In famfon burtsatse ne, kada mu jira sai ya tsaya. Mu zaɓi mutum biyu ko uku amintattu, mata a cikinsu, gama su ne suka fi zuwa ɗibar ruwa. Su riƙa tara 'yan kuɗi kaɗan-kaɗan, su rubuta a littafi. Ran da roba ta cinye, sai a saya nan da nan.

Hanya

Hanyar ƙauye ba mota ce ke kashe ta ba, ruwa ne. In lambatu ya cika da yashi da leda, ruwa ya hau kan hanya, sai zaizaya ta fara. Bana ɗan rami, baɗi kwazazzabo. Daga nan mota ta daina shigowa. Mai hatsi ya sayar da araha a bakin gona. Mai naƙuda kuma a ɗauke ta a amalanke.

Kwalbati da katafila sun fi ƙarfinmu, sai majalisa. Amma yashe lambatu da cike rami kafin ruwan fari, aikin gayya ne na safiya ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda Ake Kai Kuka

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ciyaman ba zai san bakin rijiyarmu ya rushe ba sai mun faɗa. Maganar baki kuwa iska ce, takarda ita ke zama. Mu taru a ƙofar dagaci, mu zaɓi bukata ɗaya wadda ta fi tsanani, kada mu jera goma. Sa'an nan mu rubuta kamar haka:

Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma,
ta hannun Kansilan mazaɓarmu.

Ranka ya daɗe,
Bayan gaisuwa da ladabi. Bakin rijiyar garinmu ya rushe, ga damina ta matso. Muna roƙon siminti da magini. Mu kuma za mu kawo yashi da tsakuwa, mu yi aikin ƙarfi.
Mu ne mutanen ............
Ranar ............

Mu yi takarda biyu, mu ba da ɗaya, mu ajiye ɗaya. In wata ya wuce shiru, mu koma da tamu a hannu, mu tuna musu cikin ladabi. Ran zaɓe kuma mu tuna wanda ya amsa da wanda bai amsa ba.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya?
2. Faɗi ayyuka uku na majalisa.
3. Don me ake karɓar rasit?
4. Taki nawa ya kamata tsakanin masai da rijiya?
5. Wane gyara ne ya fi tsanani a ƙauyenku? Kowa ya rubuta wasiƙa a kansa, ya kawo wa malam ran aji na gaba.