Aikin Dare a Sharada, Burin Shiga BUK

TAMBAYA: Ina aikin dare a wani kamfanin roba a Sharada, da rana kuma ina difiloma a fannin injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. Na gama shekarar farko da matsakaicin maki 2.70, ga kariyoba ɗaya. Burina shiga Jami'ar Bayero ta hanyar DE, wato shiga aji biyu kai tsaye. Shin za su duba cewa da aiki nake karatun, kuma kwasa-kwasan sun yi mini yawa, ko maki kawai suke kallo?
Daga wani ɗalibi, Sharada, Kano.

AMSA: Gaskiya ɗaya ce: maki suke kallo. A Amurka, inda ɗalibi ke zaɓar yawan kwas da kansa, jami'a kan auna nauyin da ya ɗauka kafin ta karɓe shi daga wata kwaleji. A nan kuwa manhajar hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha ce ta tsara muku kwasa-kwasan, kai da wanda ya kwana a gida yana barci kaya ɗaya kuka ɗauka. Jami'in da zai duba takardunka ba zai ga tsayuwar da ka yi gaban inji har asuba ba. Matakin da aka rubuta a difilomarka zai gani, sai sakamakon sakandare: kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi.

To mu yi lissafi. A ma'aunin NBTE, ƙaramin kiredit yana daga 2.50 zuwa 2.99, babban kiredit daga 3.00 zuwa 3.49. Sassan injiniya da yawa babban suke nema, kuma ko inda aka ce ƙaramin ya wadatar, guraben aji biyu kaɗan ne, na sama ake fara ɗiba. Idan nauyin shekarun biyu ya zo daidai, sai ka samu wajen 3.30 a shekara ta biyu kafin ka kai 3.00. Wato ka riƙa cin 65 zuwa 70 a kusan kowane kwas. Mai yiwuwa ne, amma ba ga wanda ke tashi daga aiki ya tari Adaidaita yana gyangyaɗi ya shiga aji ba.

Saboda haka nauyin da za ka rage na kamfani ne. Na san abin da nake faɗa ba sauƙi gare shi ba, domin da albashin ake biyan kuɗin makarantar, wataƙila har da cefanen gida. Duk da haka, ka daina karɓar aikin ƙarin lokaci idan jarrabawa ta matso. Ka sami ogan sashenku tun farkon zango, ka nuna masa jadawalinka, ka nemi musayar kwanaki da abokin aiki. Samari da yawa a majemun Challawa da masana'antun Bompai haka suke lallaɓawa. Kariyobar nan kuma ka fara gamawa da ita, kada ta hana ka fita tare da 'yan ajinku.

Kafin ka sayi fom, ka buɗe kundin ƙa'idojin JAMB ka karanta abin da sashen da kake so ya gindaya, don sharuɗɗan sukan canza. Ka kuma sa jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil a lissafinka. Allah Ya ba da sa'a.